Kowane Layi da Dalilinsa: Nasiha ga Masu Karatun Aljabara a Babbar Sakandare

Ƙannena ɗalibai, maza da mata, musamman ku da kuka shigo aji huɗu, da ku 'yan aji biyar da shida da jarrabawar fita ta fara leƙo ku, ina so mu yi magana a kan aljabara, wato ɓangaren nan na lissafi da haruffa ke tsayawa a madadin lambobi. A nan ne ɗalibai da yawa suke raba gari da lissafi. Yaron da ya saba ɗaukar na ɗaya a firamare, wanda ko sau ɗaya ba a taɓa cutarsa a canji ba in an aike shi kasuwa, sai ka ji shi a aji biyar yana cewa shi kansa ba na lissafi ba ne. Kansa lafiya lau yake. An dai canja abin da ake nema a wurinsa ne, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. A ƙananan azuzuwa amsa ake tambaya. A babbar sakandare hanya ake tambaya: daga ina ka taso, ta ina ka bi, kuma da wane dalili ka sauko daga wannan layi zuwa na ƙasansa. Wanda ya gane haka tun da wuri ya huta, don duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan yake tafiya.

Abin da ke gabanku

A lissafin gama-gari da kowa ke yi, za ku haɗu da dokokin ninka lamba da kanta, waɗanda malamai ke kira indisis. Za ku haɗu da logaridim, da lambobin da tushensu ba ya fita cif kamar √2, da ikweshin mai hawa biyu da ake kira kwadiratik, da ikweshin biyu da ake warwarewa tare, da jerin lambobi masu ƙaruwa ta hanyar tarawa da masu ƙaruwa ta hanyar ninkawa, sannan da zanen giraf. Wanda ya ƙara da darasin da WAEC da NECO ke kira Further Mathematics, wanda galibi 'yan ajin kimiyya ke ɗauka, zai wuce nan. Zai shiga polinomiyal mai hawa uku da huɗu, da ƙa'idar ragowar rabawa, da tsattsaga firakshin, da buɗe bainomiyal, da matiriks, da fankshin, daga nan a tura shi bakin ƙofar kalkulas.

Sunayen suna da yawa, suna kuma da ban tsoro, amma kusan kowanne ɗa ne ga wani abu da kuka riga kuka sani. Logaridim indisis ne aka karanto daga baya: tunda 10² = 100, to log 100 = 2. Tsattsaga firakshin kuwa tara firakshin ne aka juya. Saboda haka wanda har yanzu yake tantama a kan cewa 1/3 + 1/4 = 7/12, babu yadda za a yi ya tara 1/(x + 1) da 1/(x + 2), balle ya tsattsaga abin da suka haifar. Mafi yawan masu kuka da aikin aji biyar, in ka bi diddigi, ciwon nasu na aji biyu ne. Abubuwa uku ne ke kayar da su: firakshin, da lambobin da ke ƙasa da sifili, da buɗe baka. Gwada kanka yanzu. Buɗe wannan: 5 − (x − 3). In ka sami 8 − x, madalla. In ka sami 2 − x, to alamar ɗebewa ta yi maka rashin mutunci, kuma za ta ci gaba da yi har ɗakin jarrabawa. Maganin shi ne ka ɗauko littafin ƙaramar sakandare, ka ba shi mako biyu ko uku. Ba abin kunya ba ne ɗan aji shida ya riƙe littafin aji biyu.

Alamar daidai amana ce

Ikweshin kamar sikelin mai awo ne: duk abin da ka ɗora ko ka ɗauke a hannu ɗaya, dole ka yi irinsa a ɗayan. Maganar nan da ake yi a aji, wai lamba ta tsallake alamar daidai ta canja alama, gajarta bayani ce kawai. Babu lambar da ke tsallake komai. In ka tashi daga x + 7 = 12 ka koma x = 12 − 7, abin da ka yi shi ne ka ɗebe 7 a ɓangarorin biyu. Mai riƙe da dalilin ba zai ruɗe ba ranar da ya ga 7x = 12, zai raba ɓangarorin biyu da 7. Mai riƙe da haddar tsallakawa kuwa yana iya rubuta x = 12 − 7 a nan ma, hankalinsa kwance.

Ga wani ramin da ɗalibai masu ƙoƙari ma ke faɗawa. An ba ka x² = 5x. Hannu yana ƙaiƙayi ya raba ɓangarorin biyu da x, a sami x = 5, a wuce. Amma sifili ma amsa ce, don 0² daidai yake da 5 × 0. Ina ta tafi? Ka jefar da ita lokacin da ka raba da x ba tare da ka tambayi kanka ko x ɗin sifili ba ne, alhali ba a rabawa da sifili. Hanyar da ta dace ita ce x² − 5x = 0, sai x(x − 5) = 0, amsoshi biyu su fito.

Aljabara tana da wani alheri da darussa da yawa ba su da shi: kana iya kama kuskurenka da kanka, ba sai malam ya zo ba. In zuciyarka ta raya maka cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², saka 3 da 4 ka gani. Na farko ya ba da 49, na biyu ya ba da 25. Magana ta ƙare, kuma 24 ɗin da ta ɓace ita ce 2ab da ka manta. In kana zaton log (a + b) daidai yake da log a + log b, saka 10 da 10: log 20 kusan 1.301 ne, ɗayan kuwa 2 ne. Ku mai da wannan ɗabi'a. Duk dokar da kuke shakka a kanta, ku jarraba ta da ƙananan lambobi. Duk amsar da kuka samu, ku mayar da ita cikin tambayar ku ga ko ta zauna.

Daga magana zuwa haruffa

Tambayoyin da aka fi gudu su ne waɗanda ake ba da su da labari. A nan wahalarmu biyu ce, don tambayar da Ingilishi take zuwa, yaro kuma da Hausa yake tunani. Kada ka kama biro sai ka iya faɗin tambayar da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka bayani. In ba ka iya ba, to ba ka fahimce ta ba tukuna, kuma duk lissafin da za ka yi a kanta aikin banza ne.

Ga misali. Wani fili tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa kuma murabba'in mita 150 ne, ana neman faɗin. Layinka na farko shi ne ka faɗi abin da harafinka ke wakilta: bari x ya zama faɗin filin a mita. Tsawo ya zama x + 5. Sai x(x + 5) = 150, wato x² + 5x − 150 = 0. Waɗanne lambobi biyu ne in ka ninka su za su ba da −150, in ka tara su su ba da 5? Su ne 15 da −10. Ke nan (x + 15)(x − 10) = 0, sai x ya zama 10 ko −15. Lissafi ya ba ka amsa biyu, amma babu filin da faɗinsa ke ƙasa da sifili, don haka ka rubuta cewa ka ajiye −15 saboda wannan dalili. Faɗi mita 10 ne, tsawo mita 15. Ninka su ka ga 150 ta dawo.

Wani misalin ya fi wannan daɗi. Kana da ragar waya mita 40, kana so ka kewaye wa awaki wuri a jikin katanga, ta yadda katangar za ta tsare gefe ɗaya. Yaya za ka ja ragar wurin ya fi girma? In kowane gefe na biyun da suka fito daga katanga x ne, na ukun zai zama 40 − 2x, girman wurin kuma x(40 − 2x). Da dabarar cike murabba'i wannan zai koma 200 − 2(x − 10)². Dubi abin da layin nan ke faɗa. Abin da ake ɗebewa daga 200 ba zai taɓa zama ƙasa da sifili ba, don haka girman ba zai wuce 200 ba, kuma yana kai wa 200 ɗin ne kawai in x ya zama 10. Mita 10 da mita 20 ke nan. Ba ka gwada awo ɗari ba, amma ka tabbata babu wanda ya fi wannan. Irin wannan tabbaci shi ne abin da aljabara ke saya maka.

Haka logaridim da kuke gani kamar wahalar banza. A ce farashin buhu naira 50,000 ne, yana kuma hawa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara. Zai zama 60,000, sai 72,000, sai 86,400, sai 103,680. Yaushe ya ninka? Raba log 2 da log 1.2, wato 0.3010 da 0.0792, za ka sami kusan 3.8. Bai cika shekara huɗu ba, alhali mai lissafin kai-tsaye zai ce sai shekara biyar. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci yadda tsadar kaya ke cin albashi, da yadda bashi mai ruwa ke kumbura.

Ba baƙon ilimi ba ne

Akwai masu cewa wannan karatu na Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin da ya kafa aljabara a matsayin fanni mai zaman kansa Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ne ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Har yau aikin iri ɗaya ne. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ba iyaye, dukiyar kuma bayan biyan bashi da wasiyya naira miliyan 4 ce. Matar tana da sumuni, 500,000. In rabon 'yar x ne, kowane ɗa yana da 2x, sai 5x = 3,500,000. 'Yar ta sami 700,000, kowane ɗa 1,400,000. Malaman zaure da ke raba gado a garuruwanmu wannan suke yi, ko da ba su rubuta x ba.

Shi ma al-Khwarizmi bai rubuta x ba. Da zance ya yi komai. Matsalar da a yau za mu rubuta x² + 10x = 39, ya warware ta mataki-mataki: rabin goma biyar ne, biyar sau biyar 25, a tara da 39 a sami 64, tushenta 8, a ɗebe biyar ɗin, saura 3. Ya kuma zana murabba'i ya nuna dalilin da ya sa hanyar ke aiki. Daga wannan dabara ta cike murabba'i ce aka ciro fomular warware kwadiratik da ɗaliban Najeriya suka yi wa laƙabi da "olmaiti fomula". Wanda ya iya cike murabba'i, ko ya manta fomular a ɗakin jarrabawa zai sake gina ta cikin minti uku. Alamomin daga baya suka zo: Robert Recorde ya fito da alamar daidai a 1557, John Napier ya wallafa logaridim a 1614, René Descartes kuma ya yaɗa amfani da x da y da z a 1637. Kowane layi na haruffa jimla ce aka taƙaita, shi ya sa nake cewa ku riƙa karanta layukanku da baki, ku ji ko maganar tana da ma'ana.

A ƙasarmu ma an yi masana. Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi, kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace ya ba da jimla ɗaya. A zamaninmu ga Farfesa Iya Abubakar daga Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Ke ma ƙanwata, kada wani ya ce miki lissafi na maza ne. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta karɓi lambar Fields a 2014, ita ce mace ta farko da ta samu wannan lamba da ake ɗauka mafi daraja a duniyar lissafi.

Abin da mai duba takarda ke nema

Lissafin gama-gari na WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓar amsa cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ne, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, wato kusan minti 15 ga kowace. A wannan ta biyun, makin rabe yake: akwai na hanya, akwai na amsa, kuma na amsar yana rataye ne a wuyan na hanyar. Wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Wanda ya dire amsa tsurarta ba aiki, ko daidai ce, yana iya tashi hannu rabbana. Saboda haka ku rubuta fomula kafin ku saka lambobi. Kada ku haɗiye layi uku a ɗaya don nuna gwaninta. Kada ku yanke lamba tun a tsakiyar aiki, ku bari sai ƙarshe, sannan ku yanke ta daidai gurbin da aka ce. Ku sa ma'auni a amsa, mita ce ko naira. A giraf ku bi sikelin da aka ba ku, ku yi zane da fensir mai tsini. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu, inda suke bayyana wuraren da ɗalibai suka yi rauni a kowace tambaya. Ku nema ku karanta, ko ku roƙi malaminku ya kawo muku.

JAMB kuma wani salon ne: tambayoyi 180 a kwamfuta cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi. In ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. A nan ana buƙatar sauri, saurin kuma daga yawan yi a hankali yake fitowa. Mai son injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ko tattalin arziki zai rubuta lissafi a JAMB. Mai son likitanci ba zai rubuta shi a can ba, amma dole ya zo da kiredit, wato aƙalla C6, a WAEC ko NECO. Ku 'yan'uwanmu na Nijar da ke shirin bakaloriya a ɓangaren C ko D, harshen jarrabawarku Faransanci ne, amma abin da ake nema a wurinku shi ne wannan: hujja a kan kowane mataki.

Yadda za ku yi aiki

Ba a koyon aljabara da kallo. In malam yana warware tambaya a allo komai yana zama da sauƙi, kai ma kana gyaɗa kai. Gwajin gaskiya shi ne ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka sake yin wannan misalin kai kaɗai. Inda ka maƙale, nan ne darasinka yake. Tambayoyi biyar a kullum bayan sallar asuba ko bayan la'asar sun fi ɗari a daren jarrabawa, ai ba a fafe gora ranar tafiya. In tambaya ta ƙi, ka ba ta minti goma sha biyar kana kokawa da ita kafin ka leƙa bayan littafi. In ka leƙa, nemi layin da kuka rabu da marubucin, kada ka kwafe duka.

Ka ware ɗan littafi na kurakuranka. Duk inda aka ja maka jan biro, rubuta tambayar, da abin da ka yi, da abin da ya kamata ka yi. Bayan wata guda za ka ga kurakuran naka ba su wuce iri huɗu ko biyar ba, su ne ke ta dawowa da sabbin riguna. Ku haɗa ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, kowa ya riƙa hawa allo yana bayani, sauran suna tsare shi da "don me?" a kowane layi. Wanda ya koyar ya fi kowa ƙaruwa. A aji kuma ku ɗaga hannu, matambayi ba ya ɓata. Azuzuwanmu cike suke, malami ɗaya ba zai iya bin kowa kujera-kujera ba, amma da wuya malamin lissafi ya kori ɗalibin da ya same shi da takarda a hannu yana cewa, "Malam, na kawo nan, daga nan ne na rasa hanya."

Kalkuleta da waya suna da amfaninsu. Akwai manhajoji irin su GeoGebra da za su zana maka giraf ka ga yadda yake lanƙwasa in ka canja lamba ɗaya, akwai kuma masu warware tambaya daga hoto. Yi amfani da su bayan ka gama naka, don dubawa. In su ke yi maka aikin gida, wayar ce ke koyo, ita kuma ba za a bar ta ta shiga ɗakin jarrabawa ba.

Sai maganar satar amsa da cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Ban da haramcinta da hatsarin a soke sakamako, ciniki ne na asara. Duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a fannin kimiyya ko injiniyanci, a shekararsa ta farko zai tarar da su kwadiratik da bainomiyal da jerin lambobi suna jiransa, a ɗaki mai ɗaruruwan ɗalibai, gaban malamin da ya ɗauka an riga an san su. Mai A1 ɗin saye a nan asirinsa ke tonuwa, ya fara tara kwasa-kwasan da zai maimaita. Mai C5 ɗin guminsa yana da abin da zai ɗora a kai.

Yau da daddare ku ɗauki tambaya ɗaya daga aikin da aka ba ku. Ku raba takardar gida biyu, lissafi a hagu, a dama kuma gaban kowane layi ku rubuta dalilinsa da Hausa: na ɗebe 7 a ɓangarorin biyu, na buɗe baka, na ajiye wannan amsa don tsawo ba ya zama ƙasa da sifili. Layin da kuka kasa rubuta wa dalili, shi za ku kai wa malam gobe. Allah Ya buɗa muku basira, Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya sa ilimin ya amfane ku da al'umma.